Ƙanena ya shiga wurin wani malam, yanzu ko abincin inna ba ya karɓa

Ɗan_Wadata:

Salamu alaikum jama'a, don Allah shawara nake nema wurin waɗanda suka san irin wannan abu. Ƙanena ne, shekararsa 24, ya yi lisse a Tawa bai samu bak ba sai ya zo wurina nan Yamai na saya mishi moto yana kabu-kabu. Bara wani abokinsa na fada ya fara jan shi karatun dare wurin wani malam, farko wallahi mun ji daɗi don yaro ya bar shisha ya bar yawon dare, asuba a masallaci take mishi. Sai abu ya fara juyewa, ya daina bin limamin unguwa wai sallarsu ba ta yi, ya daina cin tuwon gidana wai bai san da wane kuɗi na sayi hatsin ba, ƙarshe ya sayar da moton ya kai wa malam kuɗin kaf. Yanzu malamin ya kwashe su sun koma wata gona cikin daji can wajen Tawa suna ce wa wurin hijira, lambarsa ba ta shiga. Inna ta ɗauki mota ta je da ƙafarta, ya fito ya tsaya daga nesa da wani yaro a bayansa, bai durƙusa ba, ƙullin fura da ƙuli-ƙulin da ta kai mishi bai taɓa ba, ya ce sai ranar da ta yi wa malam mubaya'a. Kawu ya ce asiri ne a nemi mai karyawa, ni kuma raina yana ce min in ɗebi samari mu je mu ɗauko shi ko yana so ko ba ya so. Addini ne ya yi mishi yawa ko wani abu ne daban?

Mushe_Bukoki:

Wa alaikumus salam ɗan uwa, Allah ya sanyaya wa inna. Yawan addini ba ya sa mutum ya ƙi uwarsa. Ka duba aya ta 15 cikin Suratu Luƙman, ko da iyaye sun matsa maka ka yi shirka an ce kar ka bi su amma ka zauna da su da kyautatawa a duniya, kuma Asma'u 'yar Sayyidina Abubakar da uwarta ta zo wurinta tana kan shirka, Annabi (SAW) cewa ya yi ta sadar da zumuncinta. To ina ga inna mai sallah da azumi?

Abin da ka faɗa tsohon salo ne kuma ba ruwansa da wane addini ne. Jim Jones fasto ne a Amurka, ya kwashe mutanensa ya kai su dajin Guyana, ya karɓe musu fasfo, tsofaffi kuɗin fanshonsu a hannunsa suke shiga, lasifika na ta watsa muryarsa dare da rana, har gwajin shan guba yake sa su yi don ya ga wa zai yi gardama. Ranar 18 ga Nuwamba 1978 aka sha ta gaske, mutum sama da 900 suka mutu, kusan 300 yara ne. A Kanungu ta ƙasar Yuganda shugabannin wata ƙungiyar addini sun ce duniya za ta tashi ƙarshen 1999, mutane suka sayar da gonaki da dabbobi suka kawo kuɗi, an ma hana su yawan magana sai nuni da hannu, da duniya ta ƙi tashi wasu suka fara cewa a mayar musu da dukiyarsu, a watan Maris na 2000 aka rufe su cikin coci aka cinna wuta, da gawarwakin da aka tono daga baya sun haura 700. Na Kenya ma jiya-jiya ne, 2023, Paul Mackenzie wanda da can direban tasi ne ya hana mabiyansa lakkwal da asibiti ya tura su dajin Shakahola su yi azumi har mutuwa, an tono gawa fiye da 400. Mu kuma Hausawa ba sai an ba mu labarin nesa ba, Muhammadu Marwa Maitatsine da ya tara gardawa a 'Yan Awaki cikin Kano yana tsine wa mai rediyo da agogo da keke, rikicin Disamba 1980 ya ci rai sama da 4,000 sai da soja suka shigo, bayan mutuwarsa ma almajiransa sun sake tayarwa a Bulunkutu ta Maiduguri 1982 da Jimeta ta Yola 1984. Ban ce malamin ƙanenka zai kai can ba, yawancinsu ma iyakarsu cin gumin yara da auren 'yan mata, amma duk farkonsu ɗaya ne, a raba ka da danginka a raba ka da aljihunka.

Ba'adare:

Yaya Ɗan Wadata ni na zauna irin wurin ga, ba wanga malamin ba, wani ne daban can wajen iyaka, shi ya sa da na karanta zancenka jikina ya yi sanyi. Kar ka ɗauka wawaye ne ke shiga. Ni lokacin na dawo daga biɗa Abijan hannu wofi, abokaina sun gina ɗaki sun yi arme ni ko kuɗɗin goro babu, kowa na kallona kamar na kashe mutum. Ranar da munka isa wurin malam ya kira sunana ya zaunar da ni kusa da shi ya ce Allah ne ya hana ni arzikin Kodebuwa don ya ajiye ni ma babban aiki. Wallahi tun da na dawo ba wanda ya yi min magana mai daɗi irin wagga, nan take na ji na samu uba.

Takurawar ba rana ɗaya take zuwa ba. Waya da farko cewa anka yi a ajiye ta lokacin karatu kawai, akwai wata tsohuwar akwatin ƙarfe mai kwaɗo a zauren malam nan ake zubawa, daga baya sai ya zama in kana son kiran gida sai ka nemi izini kuma a gaban wani babban almajiri za ka yi magana, sai kai da kanka ka gaji ka bari. Barci kuwa ba a bari ya ishe ka, ƙarfe 2 na dare an tada ku, da hantsi kuna gonar malam, cin abinci sau ɗaya, kuma shi nashi kwanon daban ake kai mishi ciki da nama. Mutumin da bai ƙoshi ba bai yi barci ba ina ya ga ƙarfin yin tunani? Amma abin da ya fi cin mutum shi ne zaman daren alhamis. Kowa zai tashi gaban jama'a ya faɗi laifin da ya yi cikin sati har da wanda ya raya a zuci, wani almajiri shina rubutawa cikin kaye. In ba ka faɗi komai ba a ce kana da girman kai, in ka faɗa an riƙe maka. Ni na taɓa cewa ina kewar tsohuwata, sai da anka yi wata ana kirana mai raunin imani, anka hana kowa cin abinci kwano ɗaya da ni. Kuma abokin da kake kwana tabarma ɗaya da shi shi ne zai kai rahotonka, ba don mugunta ba, shi ma tsoro yake kar a ce ya ji ya ɓoye. Yaron da inna ta gani bayan ƙanenka aikinshi ke nan, don haka kar ta ɗauki abin da ya faɗa a matsayin abin da ke ranshi.

Arme ma malam ke haɗawa shi ke rabawa. Mace in mijinta ya fita sai a ce aure ya mutu tunda ya koma cikin kafirai, ita da ɗiya su zauna. Wannan ya riƙe maza da yawa da sun daɗe da tahiya.

Zancen ɗauko shi da ƙarfi don Allah ka bar shi. Kullum ana faɗa musu 'yan uwanku za su zo su yaƙe ku don sun ƙi gaskiya, ranar da ka iso da samari da sanduna ka cika ma malam maganarshi, ko kun kawo shi gida zai gudu ya koma kuma wannan karon da daraja zai koma.

Tijjani_Harobanda:

Ni dai ina da gyara kaɗan, kar a zo a yi wa kowa kuɗin goro. Mubaya'a da bin shehi ba yau aka fara ba, kakanninmu sun yi, mu ma muna da muƙaddami muna wazifa muna zuwa Kiota maulidi mu dawo gidajenmu mu buɗe shagunanmu. Haka 'yan uwanmu na Izala suna da malamansu da suke ji da su. Yanzu sai wani ya karanta nan ya ga ɗansa ya tsayar da gemu ko ya riƙe carbi ya ce ya shiga ƙungiyar asiri.

Mushe_Bukoki:

Malam Tijjani gaskiyarka, ai kai da bakinka ka faɗi bambancin, kuna dawowa gida. Shehinka ya taɓa karɓe maka waya? In ka daina zuwa zawiya gobe akwai wanda zai raba ka da matarka? Ni da wannan nake aunawa, ana iya yi wa malam tambaya a ce Malam ina dalili, kuma ana iya fita lafiya. Imamu Malik da muke bin mazhabarsa a ƙasar nan cewa ya yi kowa ana ɗaukar maganarsa ana bari sai mai wannan kabari, yana nufin Annabi (SAW). Wanda ya fi Malik ƙin a yi masa tambaya sai a bincike shi.

Hajiya_Lazare:

Ku kuna ta tarihi ni matan da yaran nake tunani. Ƙanenka babba ne, hukuma ba za ta kamo shi don ya bi malam ba, amma in akwai yara da aka hana asibiti ko 'yan mata ƙanana da ake aurarwa ko wanda aka tsare ba da sonsa ba wannan ya wuce maganar gida. Ɗana ka fara zuwa wurin mai garin da gonar take ƙasarsa da limamin garin, su sun san abin da ke shiga da fita, in abin ya kai a sanar da jandarma su ne za su san ta inda za a bi. Kuma ka nemi sauran iyayen, ba inna kaɗai ke kuka ba na tabbata.

Ɗan_Wadata:

Na gode ƙwarai, Hajiya in sha Allah zan bi ta wurin mai gari. Ba'adare don Allah kai ya aka yi ka fito? Kuma in ya aiko neman kuɗi in tura ko kar in tura?

Ba'adare:

Kuɗɗi kar ka tura ko dala, ba hannunshi za su tsaya ba. In za ku kai wani abu ku kai magani ko takalmi ko bargo, abin da jikinshi zai mora. Ni ba wa'azin kowa ya fitar da ni ba, yayyena sun zo sun yi ta ja min aya ina mayar musu don an riga an koya muna amsar kowace. Wani yaro ne ɗan shekara kamar 10 masassara ta kama shi malam ya hana a kai shi likita ya ce rubutu ya isa, yaron ya rasu, bayan sati biyu ɗiyar malam ta kwanta sai ga mota cikin dare an tahi da ita asibiti Konni. Ni na riƙe fitila lokacin da anka sa ta mota. Ko a nan ban fita ba sai da na ƙara watanni, don tunanina in na fita ina za ni, na zagi kowa na gida na ce musu kafirai. Abin da ya taimake ni tsohuwata ba ta taɓa daina aiko gaisuwa ba, duk mai zuwa kasuwar garin sai ta ce a faɗa min ɗakina na nan. Inna ta ci gaba da zuwa ko zai tsaya nesa, kar ta zagi malam gabanshi, ta ba shi labarin gida kawai, wa ya haihu wa ya rasu, gero ya yi ko bai yi ba. Kai kuma ka rubuta lambarka a 'yar takarda ta san yadda za ta sa mishi cikin bargon, don masu fita yawanci da dare suke fita da ƙafa ba waya ba ko sisi, kuma da yawa sun manta lambar kowa.