Bidiyo na tsayawa da kansa: kyamara ce ko memori?

Mai koyon hoton biki, Zariya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na sayi kyamara ta hannu, hoto lafiya lau, amma da na kunna bidiyo sai ta ɗauka kaɗan ta tsaya. Memorin wayata ne a ciki, na sa shi a adafta. Wa ya taɓa cin karo da irin wannan?

Mai bidiyon biki, Kano: Wa alaikumus salam ƙanena. Kyamararka ƙalau take, katin ne ya kasa haɗiye abin da take zuba masa. Ciro shi ka duba jikinsa. Babbar lambar nan da suke rubutawa, 100MB/s ko 170MB/s, yawanci saurin kwashewa ne zuwa kwamfuta, bidiyo ba ruwansa da ita. Ka nemi U mai 3 a cikinta, ko V30. Ma'anarsa saurin zuba bidiyo a katin ba zai sauka ƙasa da MB 30 a daƙiƙa ba. C mai 10 a ciki da U1 kuwa MB 10 ne kacal. Na ga wannan da idona a wajen kamu: ana shigowa da amarya, guɗa ta kaure, kyamarar abokin aikina ta ɗauke wuta. Kafin ya sake dannawa amarya ta zauna. Uwar amarya har yau ba ta amsa gaisuwarsa.

Mai studiyo, Maraɗi: Malam ya faɗi gaskiya, amma rubutun jikin kati ma ba koyaushe ake yarda da shi ba. Wani yaro ya kawo mini 128GB a kan kuɗin da ko 32 ba za su saya ba. Kwamfuta ta nuna 128 cif. Na yi aikin suna da shi, hotunan farko suka buɗe, na baya kuwa sunayensu na nan amma ka danna babu komai. Ashe cikinsa bai wuce 8GB ba, an yi masa dabara ne ya riƙa ƙarya. Yanzu duk sabon kati sai ya bi ta H2testw, manhajar da ke cika shi fal ta sake karantawa. Tana cin lokaci, ni da dare nake barinta. Jabu ba ya tsallake ta.

'Yar jarida, Kaduna: Ni tawa tsohuwar kyamara ce, na sa mata 64GB ta ce ba ta san zancen ba. Nau'in katin da ake kira SDHC a 32GB yake tsayawa, daga 64 zuwa sama SDXC ne, tsarin ajiyarsu daban. Ku duba littafin kyamara kafin ku ba da kuɗi. Kuma a kan SDHC fayil ɗaya ba ya wuce 4GB, shi ya sa doguwar hira take fitowa gutsi-gutsi.

Mai gyaran kyamara, Jos: Rabin masu kawo mini "kati ya mutu", ɗan makullin nan na gefe ne ya zame ƙasa, musamman a adafta mai arha. Tura shi sama, shi ke nan. A yi fomatin a cikin kyamara, ba a waya ba. In kuma hotuna sun goge, kada a ƙara ɗaukar ko ɗaya a kai, a cire shi a gwada PhotoRec, manhajar dawo da hotunan da suka goge, kyauta ce. Sabon hoto ne ke hawa kan tsohon ya kashe shi.

Mai koyon hoton biki, Zariya: Na duba, 4 ce a cikin C ɗin. Allah ya saka da alheri. Babba ɗaya zan saya ko ƙanana biyu?

Mai bidiyon biki, Kano: Biyu masu 64. Na ɗaurin aure daban, na dina daban, kuma kada ka goge ko ɗaya sai aikin ya kwana a wuri biyu.