Yasmin ɗin da aka kawo mini daga Sin ya ƙi yin fure, mene ne abin yi?

Tsohon Malami, Arkilla:

Assalamu alaikum. Bara a watan Fabrairu ɗana da ke karatu a ƙasar Sin ya zo hutu, ya kawo mini tsarabar wani ɗan itace a cikin kaskon da bai fi tafin hannu biyu ba. Tsayinsa bai kai kamu ɗaya ba, amma gindinsa a murɗe yake kamar na tsohuwar bishiya. Ya ce irin wannan reno bonsai ake ce masa, itacen kuma yasmin ne na lokacin sanyi. Ranar da ya iso babu ganye ko ɗaya a jikinsa, sai furanni ruwan ɗorawa a jere a kan korayen rassa. Na kai hanci, ba ƙamshi ko kaɗan, har uwargida ta ce an yi wa yaron sakiyar da ba ruwa.

Furen ya kaɗe, ganye ya fito uku-uku. Na yi ta fama da shi a bazara, ruwa safe da yamma. Da damina ya yi rassa dogaye har suna jan ƙasa, sai na sa almakashi a watan Oktoba na rage su, ya yi tsaf. To ga shi muna tsakiyar Janairu, hunturu ya kankama, ganyen ya yi rawaya, rabi ya zube, fure kuwa ko alama. A bakin kaskon kuma wani farin abu ya taru kamar kanwa. Mutuwa yake yi ne, ko ni na yi masa laifi?

Mai Lambu, Kwalkwalawa:

Wa alaikumus salam Baba. Kafin komai, ka sa farce ka ɗan kankare bawon reshe ɗaya. In ka ga kore a ciki da ɗan danshi, yana nan da ransa. Zubar ganye a wannan lokaci ɗabi'arsa ce, ba ciwo ba.

Farin abin nan kuwa ruwan burtsatse ne. Ruwan ya ƙafe, gishirin ya zauna, mu ma haka yake yi mana a bakin kwami. Sau ɗaya a wata ka kwarara masa ruwa sosai har ya riƙa fita ta ƙasan kaskon. In damina ta zo ka tara ruwan sama a randa saboda shi.

Ɗalibar Gandun Daji, Runjin Sambo:

Baba, a yi mini afuwa, amma almakashin nan na Oktoba shi ne laifi na farko. Sunan itacen a kimiyyance Jasminum nudiflorum, ma'anar kalma ta biyu fure tsirara, saboda yana fure kafin ganye ya fito. Ba a kan sabon tsiro yake fure ba, a kan rassan da suka girma a daminar da ta wuce yake yi. Dogayen rassan nan da suka dame ka, su ne ke ɗauke da idon furen, ka yanke ka zubar. Lokacin askinsa shi ne da zarar fure ya kaɗe: a rage kowane reshe a bar gaɓa biyu ko uku, sannan a ƙyale shi ya yi ta tohonsa.

Na biyun ya fi ƙarfinmu. Itacen nan ɗan ƙasar Sin ne, daga yankunan da ake sanyi na gaske. Mutanen can suna kiransa da sunan da ke nufin mai tarbar bazararsu, domin yana cikin na farkon yin fure in sanyi ya fara sauƙi. A 1844 wani Bature mai tara tsirrai, Robert Fortune, ya kai shi Ingila, ya zauna daram, don can ma ƙanƙara na sauka. Yana bukatar makonni na sanyi mai tsanani ya yi barci, in ya farka sai ya buɗe fure. Mu kuwa abin da muke kira sanyi, wanda ke sa mu hura wuta da asuba mu rufe kunne da rawani, a wurinsa iska ce mai daɗi. Ga shi da rana ta ɗaga zafi ya dawo. Saboda haka ko ba ka taɓa shi da almakashi ba, da wuya ka ga fure kamar na ranar farko, sai dai ɗaya-ɗaya in an yi sa'a.

Rashin ƙamshi kuma ba cuta aka yi wa ɗanka ba, haka irinsa yake. Mai ƙamshin shi ne farin nan da ake kira yasmin ɗin Larabawa, kuma shi zafi yake so.

Ɗan Mabera:

To Baba ya sa shi a firji mana, tunda sanyi yake nema.

Ɗalibar Gandun Daji, Runjin Sambo:

Yaya, ba wasa ba ne, akwai masu yin haka a ƙasashe masu zafi. Amma sai wuta ta tsaya dare da rana na tsawon makonni. In firjin ya yi sanyi yau gobe ya huce, itacen zai farka ya koma barci har ya galabaice. Iskar firji ma busar da reshe take yi. Ni ban ba da shawara ba.

Mai Lambu, Kwalkwalawa:

Ni abin da ya fi damuna Afrilu ne, lokacin da zafi ke haura digiri 40. Ƙasar da ke cikin kaskon nan ba ta fi cikin kwano ɗaya ba, kafin azahar ta bushe ƙayau, saiwar ta dahu. Baba, ka samo babban kasko na ƙasa, ka cika shi da yashi mai laima, ka binne ƙaramin a ciki har wuya, ka ajiye ƙarƙashin darbejiya inda rana za ta same shi da hantsi kawai. Kada ka bi agogo wajen ban ruwa. Soka tsinke cikin ƙasar, in ya fito a bushe ka ba shi. Ka riƙa leƙa bayan ganyen, ƙurar hunturu na kawo wasu mitsi-mitsin jajayen ƙwari masu saƙa kamar gizo-gizo, fesa ruwa yana korarsu. Sannan ka ɗora shi a sama. Jar akuyarmu ba ta san tsarabar Sin ba, loma ɗaya za ta yi da shi.

In kuma renon ne ya shiga ranka, ga tsamiya, ga cediya, ga kuka. Ina da wata tsamiya shekara shida a cikin tsohon kwanon sha da na huda, cikin yashin gulbin Rima da garin jan bulo da ɗan takin akuya. Da magariba ta naɗe ganyenta, da safe ta buɗe, bazara ba ta taɓa ba ta tsoro ba.

Tsohon Malami, Arkilla:

Na gode ƙwarai, Allah Ya yi muku albarka. Na kankare reshen yanzu, kore ne shar. Almakashi kuwa na mayar wa uwargida da abinta. 'Yata, akwai wani reshe ɗaya da ya tsere mini a Oktoba, ya kwanta a kan ƙasar kaskon, yau na ga ya yi 'yan saiwoyi farare a inda ya taɓa ƙasa. In raba shi yanzu ko in jira?

Ɗalibar Gandun Daji, Runjin Sambo:

Ka jira, Baba. Ɗora masa ɗan dutse ya danne shi, saiwar ta yi ƙarfi. In ruwan Yuni ya sauka ka yanke shi daga jikin uwar, ka dasa a kasko mai zurfi.