Wuni Guda da Rediyo: Musayar Baitoci

Baba Mai Eriya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Jiya na wuni da rediyo tun asuba har na kwanta, ban sauya tasha ba. Ga abin da na tsinta. Amsa-amon "ya" ne, kowa ya ɗora.

Da sunan Allah nake buɗe baki,
Shi ne ya hore wa bawa murya.

Asuba ta yi na kunna akwatina,
Ƙira'a ta sauko ta wanke zuciya.

Malam ya ja Nisa'i aya ta 58,
Zancen amana, ba ƙari ba ƙarya.

Yana shafa addu'a bakwai ta buga,
Sai ga kanun labaran duniya.

Can ambaliya, can ana ƙirga ƙuri'a,
Can ana sa hannu kan yarjejeniya.

Da hantsi aka zaunar da mai mulki,
'Yar jarida na jera masa tambaya.

Ina kuɗin asibiti? Ina na rijiya?
Ya yi ta kame-kame, amsa ta yi wuya.

Sai na gane ayar asuba ce dai,
Ta sauya riga ta biyo ta wata hanya.

Ɗan Zamani:
Baba, ina gaisuwa, a yi min afuwa,
Ni kam tuni na koma ga waya.

Abin da nake so shi nake latsawa,
Ba na zaman jiran sai an shirya.

Tafsirin safe in ji shi da dare,
In na rasa kalma in mai da shi baya.

Rediyo in ya faɗa ya wuce ke nan,
Kamar ruwan da ya zube daga ƙwarya.

Anti Marubuciya:
Ƙanena, zan amsa maka da ƙwar biyar.

Ƙanena ka saurari batuna,
Waya bafadiya ce a wurina,
Sai abin da zai faranta raina,
Ba ta kawo abin da ya fi sanina,
Rediyo ko aboki ne na gaskiya.

Da la'asar wasa ake sakawa,
Ƙofa ta yi ƙara ana buɗewa,
Uwa ta yi shiru tana haɗiyewa,
Ban ga fuskarta ba, ina zanawa,
Kunne ya ga abin da ido bai iya.

Sai ga wani sha'iri yana rerawa,
Ban san sunansa ba balle nemowa,
Da a waya ne, da na yi wucewa,
Na ajiye aiki, baitin na ratsawa,
Yana nan a bakina tun jiya.

Malam Na Gefe:
Hajiya, na yarda da ke. Amma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, ina da abu biyu ga masu tsara shirye-shirye.

Kar a rufe ƙira'a a sako ganga,
A bar tazara, ko ta numfashi ɗaya.

Filin kiran waya kuma a sa ido,
Wani kan bugo da jita-jita ba kunya.

Ya ce "an ce", mai gabatarwa ya yi shiru,
Kafin magariba ta zama gaskiya.

Hujurat aya ta 6 ce madogara,
A bincika labari kafin ya yi tafiya.

Injiniya:
Allah ya ƙara wa Malam lafiya, wannan gyara ya yi. Ni kuma bari in faɗi yadda muryar ke isowa.

A 1901 injiniya Marconi ya ji harafin S,
Daga Ingila ya haye tekun Atlantika ba waya.

A 1954 aka fito da rediyon aljihu,
Talaka ya rataya ya kama hanya.

A 1957 BBC ta buɗe sashen Hausa,
Harshenmu ya hau iska ya zaga duniya.

Gajeren zango sama yake bugowa,
Ya dawo ƙasa can wata nahiya.

FM kuwa 88 zuwa 108 take,
Murya garau, sai dai gajeriyar tafiya.

Shi ya sa, Ɗan Zamani, ranar da wuta ta ɗauke, data ta ƙare, batir biyu sun isa ka ji halin da ake ciki. UNESCO ma ta ware wa rediyo ranar 13 ga Fabrairu.

Baba Mai Eriya:
Madalla da ku duka. Ɗana, ga taka amsar.

Ɗana, ruwan da ka ce ya zube,
Shi ya sa muke tara kunne da safiya.

Abin da ka san ba zai maimaitu ba,
Ba ka jin sa da rabin zuciya.

Maƙwabcina kan ji nasa ran Lahadi,
Ni na ji nawa Juma'a, tasha ɗaya.

Da lokacin labarai ya yi mu haɗu,
Mu ja bakinmu har a kai ƙarshen tambaya.

Dare ya yi aka shiga gaishe-gaishe,
Wani direba na gai da tsohuwa daga kan hanya.

Ya ce, Inna, in kina ji na kusa,
Na share hawaye, na naɗe eriya.

Ɗan Zamani:
Baba, direban nan ya taɓa ni,
Ni ma na kwana biyu ban kira Inna a waya.

Gobe da asuba zan zauna gefenka,
A wace mita zan tsai da allurar, in ji murya?