Masu tara waƙoƙin Depeche Mode da wasu suka sake rerawa, ina kuke samo faifan?

DanNima84:
Salamu alaikum jama'a. Tun ina yaro kawuna da ya yi zama a Jamus ya dawo da kaset ɗin Violator na Depeche Mode, ƙungiyar mawaƙan nan ta Ingila, wanda ya fito a 1990, a rediyonsa mai batir muke jinsa a tsakar gida in an ɗauke wuta, in tef ya cinye mu zaro shi a hankali mu naɗe da biro. Yanzu abin da ya shiga raina shi ne tara waƙoƙinsu da wasu mawaƙa suka sake rerawa. Guda ɗaya tak nake da shi, For the Masses na 1998, a kwalin 'yan gwanjo na tsince shi a kasuwar Kantamanto ta Accra, murfin ya tsage amma faifan lafiya lau. A ciki The Cure suka yi World in My Eyes, Rammstein 'yan Jamus suka yi Stripped da muryar nan mai nauyi kamar tsawa. Don Allah bayan wannan wanne ya kamata in nema, kuma a ina?

Mallam_Aboabo:
Wa alaikumus salam ɗan uwa, wallahi ka yi sa'a, wanda ke hannunka shi ne babba a cikinsu. Akwai wanda mawaƙan Suwidin suka haɗa tun 1991, I Sometimes Wish I Was Famous, shi kam yawanci kiɗan kibod ne irin na asali, amma kar ka wahalar da kanka a kasuwar Kejetia ko Circle, sai dai Discogs, shafin intanet na saye da sayar da faifai, kuma kuɗin aikowa yakan fi kuɗin faifan, gara ka jira wani ɗan zango mai dawowa daga Turai ya sako maka a jaka. Sannan ka yi hattara, ba duk abin da aka rubuta sunansu a bango ne karramawa ba. Ni an taɓa sayar min da ɗaya, na kai gida na sa, ashe wasu ne da ba a ko rubuta sunansu ba suke kwaikwayon muryar Dave Gahan, babban mawaƙin ƙungiyar, a kan kiɗan kwamfuta, raina ya ɓaci sosai. Ka fara juya bayan faifan, in babu sunan mawaƙi a gaban kowace waƙa ka ajiye musu kayansu.

Ummi_Madina:
Yaya ni dai a ganina masu daɗin ba a albam ɗin karramawa suke ba, a warwatse suke cikin albam ɗin mutane. Ka nemi Personal Jesus da Johnny Cash ya yi a 2002, yana da shekara 70, shekara guda kafin rasuwarsa, jita da fiyano kawai da muryar tsoho, ranar da na fara ji a turoturo da iyafis a kunne sai da na wuce inda zan sauka. Haka Tori Amos ta yi Enjoy the Silence a 2001, ta cire gangar duka. A nan ne na gane ƙarfin yana cikin rubutun Martin Gore, ɗan ƙungiyar da ya rubuta yawancin waƙoƙinsu, ko an kwashe na'urorin waƙar tana tsaye da ƙafarta. Lacuna Coil 'yan Italiya ma sun yi ta a 2006, su da jita mai ƙara.

Mallam_Aboabo:
Gaskiya ne ƙanwata. Kuma ɗan uwa ka nisanta faifan da taga, raɓar damina da ƙurar hunturu ba sa barin takardar ciki, ka kwafe shi a kwamfuta tun yau.

DanNima84:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ɗan yayata zai taso daga Hambug kafin babbar sallah, yau da dare zan tura masa sunan na Suwidin ɗin. Ummi, na Johnny Cash a wane albam yake?

Ummi_Madina:
American IV, mai baƙin bango.