Sanyin fitsari ya ƙi barin ƙanwata mai MS, don Allah ku ban shawara

Maman Iman: Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nika nema. Ƙanwata ce, shekararta 29, nan Arkilla muke, bara anka ce tana da MS, wanga ciwon da garkuwar jiki ke cin rigar jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka. To tun bayan ƙaramar sallah sau uku kenan sanyin fitsari na kama ta, zafi in ta zo yi, ga wari, kuma duk sanda ya taso sai ƙafafun su mutu sai mun riƙa ta zuwa bayi. Ita kuma don kunyar kar ya zubo mata ta yanke shan ruwa, wuni guda fiya wata ɗaya, cikin zafin Sakkwato fa! Mai kemis ya ba mu cipro, maganin kashe ƙwayoyin cuta, ya lafa ya dawo. Inna ta ce a koma na Hausa. Mi za mu yi?

Abu Khalil: Allah shi ba ta lafiya, ya sa kaffara ne.

Anti Nas: Wa alaikumus salam Maman Iman. Farko ku bar zuwa kemis ɗin nan don Allah. Ciwon nata yana taɓa jijiyar da ke ba mafitsara umarni, sai mutum ya ga kamar ya gama alhali saura na kwance ciki, kuma fitsarin da ya kwana a mara nan ƙwayoyin cuta ke hayayyafa, yawanci E. coli daga bayan gida suke. In ba a gyara wannan ba ko kwali goma ta sha zai dawo. Ku kai ta UDUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, wajen likitocin mafitsara a yi mata sikanin bayan ta yi fitsari, in abin da ya rage ya wuce mil 100 sukan koya wa mutum sa siririyar roba da kansa ya zubar ya cire. Sannan a yi kolcha, wato gwajin gano ƙwayar cutar da ke cikin fitsari, KAFIN ta sha komai, kwana 2 zuwa 3 sakamako ya fito, shi zai nuna maganin da ke kashe ƙwayar, don da yawa yanzu ba sa jin cipro.

Maman Iman: Anti roba kuma? wallahi ko sunanta ba ta son ji.

Ummu Sultan: Yaya nima MS gare ni, shekara shida. Kuka na yi ranar da aka ce roba, yanzu ko minti biyar ba ta ɗaukata, wanke hannu da sabulu ne babban abu. Ba irin wadda ake bari da leda a rataye ba ce fa. Mutuwar ƙafar nan kuma na san ta, zazzaɓi da infekshan ke tado tsoffin alamomi, ana magance sanyin sai su kwanta, shi ya sa likitana ba ya ba ni siteroid, maganin da ake bayarwa in MS ya taso, sai ya duba fitsari. Ruwa kuwa ki zauna kanta, fiya wata huɗu lita 2 kenan, ni jera su nike kan firij da safe in sha kaɗan kaɗan, daga magariba in rage saboda dare. Fitsarin ya zama ruwan ɗorawa mai haske, in ya yi jawur kamar shayi ruwa bai isa ba, kuma shi ke ƙara sa matsuwar da take gudu. Ta rage shayi da lemun kwalba. Tsarki daga gaba zuwa baya, kuma kar a bari cikinta ya bushe, bayan gida mai tauri na danne mafitsara.

Baban Yusra: Ni dai sassaƙe ya yi wa matata aiki.

Anti Nas: Malam, matarka jijiyarta lafiya lau, ba ɗaya ba ne. Maman Iman in kin ga zazzaɓi da rawar ɗari, ciwon kwiɓi, amai ko ta fara ruɗewa, kar ki jira safiya, ya hau ƙoda kenan, imajensi kai tsaye. Ki tafi da duk magungunanta a leda, akwai na riƙe fitsari irin oxybutynin da kan ƙara sa saura ya kwanta.

Maman Iman: Ikon Allah, shi kau take sha. Ummu Sultan zan haɗa ku waya, ƙila ke ta ji taki. Litinin in sha Allahu muna asibiti.