Shin bakin ɓera zai iya zama hujja a kan muƙamuƙin mutum?

Ɗalibar Idi-Araba:
Assalamu alaikum. Ina karatun likitancin haƙori a nan Legas, kuma a makon jiya na ga wata dattijuwa da ake yi wa allurar zoledronate, maganin da ke hana ƙashi zaizayewa, saboda sankarar mama da ta kai ga ƙashi. An cire mata haƙori wata uku da suka wuce, amma ramin ya ƙi rufewa, ga mataccen ƙashi mai launin toka yana leƙowa ta dasashi. Da na shiga bincike, sai na tarar gwaje-gwaje da yawa a kan ɓeraye aka yi su. Yaya za a amince da sakamakonsu?

Malamin Agege:
Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Tun da likitan tiyatar baki Robert Marx ya bayyana wannan cuta ta mutuwar ƙashin muƙamuƙi a Amurka a shekarar 2003, a kan marasa lafiya 36, masana suka koma ga dabbobi, domin babu mai hankalin da zai jawo wa mutum wannan ciwo da gangan. Maganin zoledronate yana dakatar da ƙwayoyin da ke cinye tsohon ƙashi, don haka ƙashin da ya ji rauni ba ya sabuntuwa. Abin lura shi ne, a ɓera allurar kaɗai ba kasafai take tone ƙashi ba, sai an cire matauni, ko an haddasa kumburin dasashi, wani lokaci har a haɗa da dexamethasone, maganin da ke raunana garkuwar jiki. Haka lamarin dattijuwarki yake.

Likita daga Obalende:
Malam ya yi gaskiya, sai dai ina da ja. Ƙashin ɓera ba ya sabunta kansa daga ciki kamar na mutum, kuma sau da yawa adadin maganin da ake ba shi ya zarce na asibiti idan aka auna da nauyin jiki. Shi ya sa wasu suka koma ga karnuka da ƙananan aladu, duk da tsadar kiwonsu. Denosumab kuwa, wani maganin ƙashi da shi ma ke jawo wannan ciwo, ba ya ma aiki a jikin ɓera, sai an nemo madadinsa.

Ɗalibar Idi-Araba:
Na gode ƙwarai. Ke nan idan na karanta kowane gwaji, zan fara duba adadin maganin da kuma ko an cire haƙori. Likita, a aladun ma sai an cire haƙorin kafin ƙashin ya bayyana?