Yadda za a saurari tarihin matan Sin daga bakin kakanni

A wata tattaunawa da aka yi kan tattara labarin tsofaffin matan ƙasar Sin, shawarar da ta fi rinjaye ita ce kada a fara da siyasa. A tambayi kaka me ake ci a gidansu lokacin yunwar 1959 zuwa 1961, ko wa ya zaɓa mata miji. Daga nan bakinta zai buɗe.

An ja hankali sosai kan bambancin zamani. Wadda aka ɗaure wa ƙafafu tun tana yarinya don su zama ƙanana, bisa tsohuwar al'adar Sin, daban take da 'yarta da ta ci moriyar dokar aure ta 1950, wadda ta haramta auren dole da ajiye ƙwarƙwara. Jikarta kuwa wataƙila an tura ta ƙauye noma a Juyin Al'adu, wato gangamin siyasar da shugaba Mao Zedong ya jagoranta daga 1966 zuwa 1976, karatunta ya katse, sannan dokar haihuwar ɗa ɗaya ta riske ta a 1980.

Wata shawarar, wadda ni ma na fi riƙewa: in kaka ta yi shiru, a ƙyale ta. Da yawa sun ga an tozarta iyayensu a bainar jama'a, wasu ma an tilasta musu yin tir da su.